Ranar da Jibrilla Ya Yanke wa Kansa Hukunci

A duk unguwar Majidaɗi babu wanda ya kai Jibrilla sanin darajar Jibrilla. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, saboda haka na haddace tarihin rayuwarsa ba don ina so ba. Ya fara wasan kwaikwayo tun yana sakandare, inda ya fito a matsayin ƙafafun bayan jaki, kuma har gobe yana cewa ba don shi ba da jakin nan bai yi suna ba. Daga nan ya shiga gidan rediyo. Fim kuwa biyu ya yi. A na farko gawa ya fito, ana tsakiyar kuka ya yi atishawa. A na biyu ƙeyarsa kaɗai aka nuna, amma ya ce duk wanda ya san harkar ya ga yadda ƙeyar nan take magana.

Inda Allah ya ba shi da gaske shi ne rediyo. A shirin nan na ranar Laraba mai suna Tukunyar Unguwa, shi ne Cika-Ciki, wani mayunwaci da ba a suna ko biki ko zaman makoki bai riga kowa isa gaban kwano ba. In Jibrilla ya matso bakin makirfo, sai ya yi ɗan gyaran murya guda, alamar loma ta taso, sannan ya hau taunar iska yana lashe yatsa yana nishi, har ka ji yawunka ya tsinke. Yara kan bi shi a layi suna kiran Cika-Ciki, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a. Abin da yaran ba su sani ba shi ne, mutumin nan 'yar loma kaɗan ke ƙosar da shi. Yana fama da olsa, barkono kuwa ko a faranti ya hango sai goshinsa ya yi gumi.

Wuri ɗaya ne a duniya Jibrilla ba Cika-Ciki ba ne, wato rugar surukinsa Bappa Siddiq, can bayan Sunkani. Bappa dattijo ne mai fulako na ƙin ƙarawa. A wurinsa suruki ba ya cin abinci a gaban suruki, ba ya shan ruwa, ko asuwaki ba ya taunawa. Tun da Jibrilla ya auri Hamna, 'yar Bappa, in ya je gaisuwa daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna, ya yi gyaran murya, ya yi gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori, ya dawo Jalingo da yunwarsa. To mutumin da ko ruwa ba ka sha a gabansa, ta ina za ka fara gaya masa cewa sana'arka cin tuwo ce a kunnen jiha guda? Shi ya sa ranar da dangin Hamna suka tambaye shi wace murya ce tasa a shirin, ya ce shi ne Alƙali. A ƙarshen shiri jero sunayen 'yan wasa kawai ake yi, ba a cewa wane ne wane, sai ƙaryar ta samu gindin zama.

Alƙalin gaskiya kuwa Philemon ne, wani tsohon malamin firamare mutumin Kona, ɗan tsurut da shi, amma in ya buɗe baki sai ka ce ana gangara da duro.

Ana nan, shirin ya cika shekara goma. Madam Margaret, daraktar shirin, ta ce za a yi biki: za a hau dandamali a babban ɗakin taro, jama'a su ga 'yan wasa ido da ido, kuma talabijin za ta ɗauka. A makon ne aka yi suna a rugar Bappa, Jibrilla ya je. Ya samu ƙannen Hamna a gindin bishiya, bakin nan nasa ya ƙi zama wuri ɗaya. Ya ce za a ga shari'ar da ba a taɓa gani ba. Ya ce an ɗinka wa Alƙali riga mai cin yadi kamar labulen gidan gwamnati. Ya ce duk wanda bai je ba ya yi asarar rayuwa.

Bappa yana can gefe yana kallon shanu. Bai juyo ba, ya ce da babban ɗansa, "Nasiruddeen, a nemo mota. Za mu je mu ga Alƙali."

Da Jibrilla da Hamna suka dawo gida, ina zaune a tsakar gidana ina jiyo su ta katanga.

"Ka gayyace shi ke nan," in ji Hamna.

"Ban gayyace shi ba. Magana nake da yara."

"A gabansa."

"A bayansa. Shanu yake kallo."

"To Baban Najiba, in ya zo ya tarar da Philemon a kujerar alƙali, kai kuma hannu dumu-dumu cikin miya, ni ina zan sa fuskata? Kai ina za ka sa taka?"

Aka yi shiru. Ni da na san Jibrilla, shirunsa ya fi maganarsa ba ni tsoro.

"Ni zan yi duka biyun," ya ce.

"Duka biyun me?"

"Alƙali da Cika-Ciki. Alƙali zai fito da fuskata, Bappa ya gani ya ji daɗi. Cika-Ciki kuma in rufe masa fuska da malafa, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba."

"Ai a kotu tare suke tsayawa. Ɗaya na hukunta ɗaya."

"Ke ba ki san aikin ba. A rediyo na taɓa yin mutum huɗu a ɗaki ɗaya, har biyu suka yi dambe na uku ya raba su. Ka ja baya kaɗan daga makirfo, ka zama wani mutum. Shi ke nan."

"A rediyo ba a ganinka."

"Wannan ƙaramar matsala ce," in ji Jibrilla.

Washegari ya tare Philemon a gindin mangwaron gidan rediyo. Ya dube shi daga hula zuwa takalmi, tafiyar da ba ta da nisa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Oga Philemon, ka san yadda mutane suke zana ka a ransu kuwa?"

"Yaya suke zana ni?"

"Ƙato. Mai kafaɗa. Wata tsohuwa a kasuwar Sunkani ta rantse mini sai Alƙali ya sunkuya yake shiga ƙofa."

Philemon ya gyara tsayuwa, bai ƙaru da komai ba.

"Na ga kujerar da aka kawo maka," Jibrilla ya ci gaba. "Kujera ce ta manya. Ƙafarka dai ba za ta taɓa ƙasa ba, amma ba komai, lilo ma motsa jiki ne. Kamara kuma an ce daga ƙasa za ta riƙa ɗauka."

"Ni dama zuciyana bai kwanta da wannan abu ba," in ji Philemon da muryar nan tasa mai girgiza ganye. "Shekara goma mutane yana tsorona. Rana ɗaya su yi mini dariya?"

"Abin da nake gudar maka ke nan. Ba ka da gona a Kona?"

"Doyana ma ya isa tono."

"To doya ba ta jira. Ka kashe waya, don gona ba ta son surutu."

Daga ranar gidan Jibrilla ya zama filin atisaye. Ya rataya zanin Hamna a igiyar shanya ya zama labule. Ya tsaya dama ya daka tsawa da muryar Alƙali, ya zagaya bayan zani da gudu, ya ɓullo hagu yana roƙon sassauci. Mu kuwa maƙwabta muka jeru a kan katanga, wasu har da kujera. Hajaratu mai ƙosai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam Jibrilla, in abin nan na iska ne a faɗa, akwai mai magani a bakin kasuwa."

"Hajaratu, fasaha ce. Ba a gane ta da ido biyu."

"To da ido nawa ake gane ta?"

A daidai lokacin ƙafarsa ta harɗe da bokitin wanki.

Ya ga kuma alƙali ba ya cika sai da gemu, nasa kuwa 'yan tsiraru ne. Ya je kwata ya samo wutsiyar saniya, ya tsefe ta, ya ɗinke ta a jikin robar tsohon siket ɗin Hamna. Dabarar ita ce, in Alƙali ne a ja gemu sama, in Cika-Ciki ne a ja shi ƙasa a cusa cikin wuyan riga. Gemun ya yi kyau daga nesa. Daga kusa kuwa ƙudajen Majidaɗi A da na Majidaɗi B suka haɗu a kansa, duk inda ya yi suna biye kamar 'yan rakiya. Ya zazzaga masa turare, ƙudajen suka ƙaru.

Ya naɗa rawani ya soke shi da allurai don ya riƙa kifawa kamar hula. Ya ɗaura matashin kai a ciki saboda tumbin Cika-Ciki. Sannan, saboda ya ji an ce abincin gaske za a kawo, ya daina cin komai tun jajibere don ya samar masa wuri. Hamna ta ajiye masa kunu ya ture. Ya ce manyan 'yan wasan duniya haka suke yi.

Ranar biki da la'asar ɗakin taro ya cika har taga. A bayan dandamali Madam Margaret tana ta safa da marwa da waya a kunne.

"Philemon tana ina? Wayanta a kashe. Wane irin wulaƙanci ne wannan? Baƙi ya zauna, kamara ya shirya."

Jibrilla ya matso a hankali, kamar wanda bai san komai ba. "Madam, kar hankalinki ya tashi. Allah ya sa ina nan. Na haddace maganar Alƙali kaf."

"To wa zai yi Cika-Ciki?"

"Ni."

Ta sauke wayar ta dube shi. "Kai za ka yanke hukunci, kai za ka sha hukunci? Jibrilla, ka ci abinci yau?"

"Ban ci ba, Madam. Saboda aikin."

"Ga alama."

Amma mai sanarwa ya riga ya fara jero manyan baƙi, ba yadda za ta yi. Aka kafa labule tsakanin kujerar alƙali da inda mai laifi ke tsayawa, aka maƙala wa Jibrilla ɗan makirfo a wuyan riga. Ya leƙa ta kafar labule. Ga Bappa Siddiq a layin gaba, sanda a gicciye kan gwiwa, mutanen ruga sun cika layin daga bango zuwa bango. Jibrilla ya ce da kansa ai babban ɗan wasa ba ya tsoro. Sai aka kunna fitilun kamara masu kashe ido, layin gaba ya ɓace masa, ba ya ganin komai sai haske.

Fitowar farko ta Cika-Ciki ce, inda zai sace abincin gidan suna. Wadda aka ba kwangilar abincin ita ce Murna mai abinci ta bakin tasha, aka kuma yi mata alkawarin faɗin sunanta a talabijin. Murna ta ɗauki abin da muhimmanci. Ta kawo sakwara mai girman matashin da Jibrilla ya ɗaura a ciki, da miyar agushi da ta yi ja wur da attaruhu, kaza guda a kwance a ciki.

"Cika-Ciki ne zai ci," ta ce da Madam. "Na ce kar in ji kunya."

Jibrilla ya fito, malafa har hanci, tumbi a gaba. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ya zauna gaban kwano, ya yi gyaran muryar nan tasa. Nan take ya ji ƙarar jan kujeru daga layin gaba, kiiii, kamar an haɗa baki. Ya ce a ransa, ka ji, har matsowa suke yi. Ya yanko loma irin wadda yake kwatantawa a rediyo, ya dulmiya a miya, ya kai baki.

Shekara goma yana taunar iska, iska kuwa ba ta da yaji. Loma ta sauka a cikin da ya kwana ya wuni babu komai. Idanunsa suka kawo ruwa, hancinsa ya biyo baya. Nishin da ya saba yi na daɗi ya fito, amma wannan karon na neman agaji ne, jama'a kuwa ba su ga bambanci ba, suka yi ta tafi. Daga gefen dandamali Murna tana ɗaga murya, "Ƙara, ai akwai a kula." Rubutun wasa ya ce sai ya ci rabin kwano kafin a kama shi. Bai taɓa ƙaunar ɗan doka ba irin ranar, da ya ga Ukasha ya fito da kulki.

Ukasha shi ne ɗan dokan kotu a shirin, mutum ne mai ɗaukar aiki da gaske. Ya damƙi hannun Cika-Ciki ya ja shi gaban kujerar alƙali, ya ƙame, ya yi shela a miƙe ga Alƙali. Jama'a suka zuba wa kujera ido. Kujera ba kowa.

"Sake ni," Jibrilla ya raɗa masa. Ya manta da makirfon wuyansa, lasifika ta kai raɗar har bayan ɗaki.

"Takarda ta ce in riƙe ka har Alƙali ya zauna."

"To ai ni ne zan zauna."

"Wannan ba ya cikin takarda."

"Ukasha, sake ni in je in ba ka umarni ka riƙe ni."

Ukasha ya yi nazarin maganar, ya ga akwai tsari a ciki, ya sake shi. Jibrilla ya faɗa bayan labule, aka ga labulen yana ta kokawa da kansa, can sai ga Alƙali ya ɓullo: babbar riga, rawani a karkace, gemu ya haura har ƙarƙashin hanci, tumbin Cika-Ciki na nan daram a ƙarƙashin riga. Ya zauna da ƙasaita, ya juya fuska sosai wajen layin gaba don Bappa ya more kallo. Ya daki tebur, hannunsa ya bar shatin manja.

"Ina wanda ake ƙara?"

Ukasha ya dubi hannunsa, ya dubi labule. "Yanzun nan ya fita, ranka ya daɗe."

"Yana cikin rigarka," wani ya kwaɗo daga baya.

"A yi shiru a kotu," in ji Alƙali. Muryar ta fito da kyau, har ta so ta yi kama da ta Philemon, sai shaƙuwa ta tsinke ta a tsakiya. Hik.

Ya koma bayan labule da gudu, ya ɓullo hagu a Cika-Ciki, ya durƙusa yana roƙon kujerar da ba kowa. "Ranka ya daɗe, ban ci ba, ɗanɗanawa na yi. Hik."

"Shaƙuwar ma iri ɗaya ce," in ji wata mata. "Wallahi tare suka ci."

Daga nan abin ya zama tsere. Alƙali ya yi tambaya ya ruga, Cika-Ciki ya ba da amsa ya ruga. Ukasha ya gaji da kamawa da sakewa, ya tsaya tsakiya yana nuna masa hanya da kulki kamar mai ba da hannu a shataletale. A zagaye na kusa da ƙarshe Alƙali ya fito da malafa, ya ankara, ya koma, Cika-Ciki ya fito da rawani. Ƙudajen Majidaɗi, waɗanda ban san yadda aka yi suka samu katin gayyata ba, suka iso suka kewaye duk wanda ke da gemu a lokacin. Madam Margaret ta zauna a kan akwatin kaya ta dafe kai, mai kamara kuwa dariya ta sa hoton sai rawa yake yi.

Aka zo ƙarshen wasa. A nan ake ajiye kwanon shaida a gaban Alƙali, yana cikin yanke hukunci Cika-Ciki ya miƙo hannu ya wawuri cinyar kaza. A rediyo wannan wurin ya fi ko'ina sauƙi. A dandamali kuwa ana bukatar mutum biyu a daƙiƙa ɗaya, ga jiri na ɗibar Jibrilla, ga numfashi ya ƙare. Sai ya yanke shawarar yi daga zaune.

"Kotu ta same ka da laifi," in ji shi da muryar Alƙali. Hannunsa na dama ya lallaɓa ya nufi kwano. "Kai, kar ka taɓa shaida." Hannun hagu ya kai wa na dama duka. "Ranka ya daɗe, sanyi za ta yi," in ji shi da muryar Cika-Ciki. Na dama ya kufce, ya cafko cinya. Na hagu ya bi shi. Alƙali ya buɗe baki zai kira ɗan doka, cinya ta shige.

Robar siket ta daɗe tana haƙuri. A nan ta ce ta gaji, ta tsinke, gemu ya tashi sama ya faɗa cikin miyar Murna. Jibrilla ya zabura zai cafe shi, ya taka bakin babbar riga, ya tafi gaba ɗaya. Ya riƙo labule, labule ya biyo shi, ya janyo wayar fitilun kamara, fitilu suka mutu. Rawani ya gangara ya sauka daga dandamali shi kaɗai.

Sai ga Jibrilla zaune daɓas a tsakiyar dandamali, kai ba hula, fuska a fili, rigar alƙali a jiki, matashi ya leƙo ta gefe, cinyar kaza a baki. Yanzu da hasken ya ɗauke yana ganin kowa. Abin da ya shekara da shekaru yana gudu ya same shi, kuma a gaban rabin Jalingo. Ya ɗaga ido a hankali ya dubi layin gaba.

Bai ga fuska ko ɗaya ba. Ƙeya ce jere daga bango zuwa bango. Mutanen ruga kaf sun juya kujerunsu sun ba dandamali baya, tun gyaran muryar farko. Bappa Siddiq na tsakiya, ya karkatar da kunne ɗaya kamar mai sauraron rediyo, kafaɗunsa sai girgiza suke yi, ya toshe baki da gefen rawani.

Dariyar ɗakin ta lafa, don kowa ya lura da inda Jibrilla yake kallo. Cikin shirun nan aka ji Bappa ya tambayi ɗansa, bai waiwayo ba.

"Nasiruddeen, an gama cin ne?"

Nasiruddeen ya saci kallo ta kafaɗa. "Da saura, Bappa. Akwai cinya a bakinsa."

"To a bari ya gama. Ba a katse wa mutum abinci."

Haka ɗaki guda ya zauna yana jira. Jibrilla ya rasa inda zai tofar, ya rasa inda zai ɓoye, sai ya tauna. Ɗan makirfon wuyansa, wanda shi kaɗai ne bai lalace ba a duk kayan aikin, ya kai kowace tauna har wajen masu sayar da ruwa a bakin ƙofa. Da ya haɗiye, aka ji ƙut, ɗakin ya fashe. Murna ta hau kujera tana faɗin sunan shagonta.

Da magariba na jiyo su ta katanga. Muryar Jibrilla ta yi laushi kamar tsumma.

"Shi ke nan, na gama yawo. Ba zan ƙara iya taka Sunkani ba."

"Sha kununka," in ji Hamna.

"Wa ya gaya masa? Tun ban kai loma ba fa suka juya."

"Kai ka gaya masa. Tun ranar da ka fara zuwa gaisuwa. Gyaran muryar da kake yi kafin ka ce ina wuni, shi Cika-Ciki yake yi kafin loma. Kana tafiya ya ce da Inna, wannan yaron na rediyo ne."

"Duk shekarun nan? Me ya hana shi faɗa?"

"Bappa ne zai dubi surukinsa ya ce ya yi ƙarya? Kai ma ka san ba zai iya ba."

"Ke fa? Kin sani kika bar ni na sa wutsiyar saniya a fuska."

"Na ce maka a rediyo ba a ganinka. Ka ce ƙaramar matsala ce."

Na ji ƙarar cokali a kofi. Can ya ce, "To Alƙalin fa? Bai ce komai a kan Alƙalin ba?"

"Ranar Laraba ko saniya ce ke haihuwa, sai Cika-Ciki ya gama ci Bappa yake tashi. Alƙali kuwa da ya fara magana yake rage murya, wai kar batir ya tafi a banza. Yau ma ya ce wasan ya yi daɗi ƙwarai, bai ji inda aka yi kuskure ba. Alƙalin ne dai ya cika shaƙuwa."

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya shiga kowace waya a Jalingo. Philemon ya dawo daga Kona da doya da mutuncinsa. Madam Margaret ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Jibrilla, sannan ta ce masu talabijin suna son a maimaita, amma da gemu mai ƙarfi. Shi kuwa gogan bakinsa ya dawo daidai. A majalisar mai shayi ya ce duk tarihin wasan kwaikwayo shi kaɗai ne aka taɓa juya wa baya don girmamawa.

Sunkani ce dai ya yi ta ja da baya, har Hamna ta ce in bai je ba ita za ta tafi ta bar shi da matashinsa. Suka je. Ya cire takalmi daga nesa, ya tsuguna, ya danne gyaran muryar da ƙyar. Bappa ya amsa gaisuwa yana kallon shanu kamar kullum, ko alamar murmushi babu. Jibrilla ya fara samun natsuwa. Sai Nasiruddeen ya zo ya ce ya taso, ya kai shi wata bukka shi kaɗai, abin da ba a taɓa yi ba. A ciki ga ƙwarya shaƙe da tuwo, man shanu na kwance a kai, ga kaza, ga kindirmo. Aka saki asabari aka bar shi.

Ya ji rugar ta yi tsit, ko kukan ɗan maraƙi babu. Ya leƙa ta kafar zana. Gidan kaf, maza da mata, sun zauna a tabarma sun ba bukkar baya. Bappa na tsakiya, ya karkatar da kunne.

Jibrilla ya koma ya zauna. Ya gutsuri 'yar lomarsa ta mai olsa, ya tauna a hankali, baki a rufe, yadda mai mutunci yake ci a gidan surukai. Ya ƙara wata. Daga waje aka yi ta jira.

Can sai muryar Bappa, a natse, da 'yarsa yake magana.

"Hamna, rediyon nan na yau, ko batir ne ya yi sanyi?"

Jibrilla ya dubi ƙwaryar, ya dubi cikinsa. Ya naɗe hannun riga, ya janyo ta gabansa, ya yi gyaran murya.